Darasi: Dalilin da ya sa na'urar gwajin ruwa ke ba da sakamakon ƙarya, da yadda ake kamo ragowar samfur

Darasinmu na yau ya ɗan kauce daga zancen waya da manhajoji, amma bai yi nisa ba, domin 'yar mitar gwajin ruwa mai kama da alƙalami ta zama kayan aljihu kamar fawa-bank. Masu sana'ar ruwan leda suna da ita, masu kiwon kifi suna da ita, haka ma masu haƙa rijiyar burtsatse da ɗaliban kimiyya masu aikin binciken kammala karatu. Wasu daga cikin mitocin ma ana haɗa su da waya ta Bluetooth.

Akwai wata matsala da ke damun duk wata na'urar gwajin ruwa, tun daga ta aljihu har zuwa manyan na'urorin ɗakin gwaje-gwaje masu tsadar miliyoyi. Ma'aikatan lab suna ce mata keri-oba, mu kuma a nan za mu kira ta ragowar samfur. Za mu ga mece ce, yadda ake gane ta, yadda ake lissafa ta a waya, da matakan da ake bi a rabu da ita.

Mece ce ragowar samfur?

Samfur shi ne ɗan ruwan da aka ɗebo domin a gwada. Idan ka gwada samfur na farko, wani ɗan kaso nasa yakan maƙale a bakin mita, ko a jikin kwalba, ko cikin tiyon na'ura. Da ka kawo samfur na biyu sai wancan ragowar ya gauraya da shi, na'urar ta karanta su tare, ta ba ka lamba guda kamar ta na biyun ce kaɗai.

Duk wanda ya taɓa kai markaɗe inji ya san wannan. Idan an niƙa tattasai da attaruhu kafin a zuba waken ƙosanka, farkon abin da zai fito ja ne kuma da yaji, ko da mai injin ya watsa ruwa. Bambancin kawai shi ne a inji ido yana gani, a gwajin ruwa kuwa ragowar ba ta da launi, ba ta da wari.

Ruwan Ƙofar Kware iri-iri ne

Mu ɗauki unguwar Ƙofar Kware a arewacin birnin Sakkwato, ɗaya daga cikin tsoffin ƙofofin gari, wadda ke fuskantar hanyar Kware da Gwadabawa da Illela. Mai gwajin ruwa a wannan yanki yana iya haɗuwa da ruwa kala biyar a wuni ɗaya: ruwan famfo na hukumar ruwa ta jiha, ruwan rijiyar gida, ruwan burtsatse da 'yan ga-ruwa ke turowa a kura, ruwan leda, da ruwan gulbin Rima da ke gangarowa daga madatsar Goronyo.

Waɗannan ruwaye sun sha bamban ƙwarai. A ƙasar Sakkwato akwai dutsen farar ƙasa, wanda shi ya sa aka kafa masana'antar siminti a Kalambaina, kuma ruwan da ya ratsa irin wannan dutse yakan ɗauko alli mai yawa, ya bar farin ɓawo a tukunya da butar shayi. Rijiyar da ke kusa da masai, ko kusa da fadamar da ake zuba takin zamani, tana iya tara sinadarin naitiret. Ruwan gulbi da damina cike yake da laka. Ruwan ledar da aka tace da injin RO kuwa kusan babu komai a cikinsa.

Nan ne ragowar samfur ta fi ɓarna: idan aka gwada ruwa mai nauyi, aka bi shi da mai sauƙi nan take. Samfura biyu masu kama da juna ba sa cutar da juna sosai. Mai nauyi ne ke ɓata sunan mai tsabta.

Ɗigo ɗaya nawa yake ɓatawa?

Ɗigon ruwa guda kusan mililita 0.05 ne, wato ɗigo 20 ke cika mililita ɗaya. 'Yar kwalbar gwaji da ake sakawa a na'urar auna launi yawanci mililita 10 take ci. Ɗigo ɗaya a cikinta kenan rabin kashi ɗaya ne cikin 100, ɗigo biyu kashi 1 cikin 100.

Sai ka ce kashi 1 ai ba wani abu ba ne. To mu duba ma'aunin ruwan sha na Najeriya, wato NIS 554, wanda hukumar SON ta fitar a 2007 aka sabunta a 2015. Ga wasu daga cikin iyakokinsa:

- Dalma: miligiram 0.01 a lita
- Naitiret: miligiram 50 a lita
- Fulorayid: miligiram 1.5 a lita
- Jimillar narkakkun abubuwa, wato TDS: miligiram 500 a lita
- pH: tsakanin 6.5 da 8.5
- Ƙwayar cutar E. coli: ko ɗaya kada a samu a mililita 100

Yanzu a ce an gwada ruwan wani rami da ke ɗauke da dalma miligiram 1 a lita, kashi 1 cikin 100 nasa ya tsallaka zuwa samfur na gaba. Wannan ya ƙara wa na biyun miligiram 0.01, daidai iyakar da doka ta sa. Ruwan da ba shi da dalma ko kaɗan ya tashi a takarda yana bakin haramci, kuma ana iya rufe rijiyar unguwa ko a hana wani lasisi a kan laifin da ba nasa ba.

Akwai kuma ɗaya fuskar, wadda ta fi haɗari. Ka wanke kwalba da tataccen ruwa, ka bar rabin mililita a ciki, ka cika ta da samfur zuwa mililita 10. Ka sirka samfurin da kashi 5 cikin 100 kenan. Rijiyar da naitiret ɗinta 52 ne, wadda ya kamata ta faɗi, za ta nuna 49.4, ta wuce. Naitiret mai yawa kuwa jarirai ya fi yi wa illa, domin yana rage wa jininsu ƙarfin ɗaukar iska.

Abin da ya sa ba a wasa da sakamakon gwaji

A 2010 aka gano annobar gubar dalma a ƙauyukan Anka da Bukkuyum na jihar Zamfara, inda ake niƙa dutsen zinariya a cikin gidaje. Yara aƙalla 400 suka rasu. Aikin ceto da ƙungiyar likitoci ta MSF da sauran hukumomi suka yi ya dogara ne kan awo: jinin wane yaro ne ya kai a ba shi magani, ƙasar wane gida ce za a kwashe. A garin Tibiri kusa da Maraɗi a Nijar, ruwan burtsatse mai yawan fulorayid ya lalata haƙora da ƙasusuwan ɗaruruwan yara kafin a farga. A 2021 hukumar NCDC ta ƙidaya sama da mutum 100,000 da ake zaton sun kamu da kwalara a Najeriya, sama da 3,000 suka rasu, Sakkwato kuma tana cikin jihohin da abin ya shafa.

Ba ragowar samfur ce ta haddasa waɗannan masifu ba. Abin da suke nuna mana shi ne lambar da na'ura ta bayar ita ake ɗora hukunci a kai: a sha, ko kada a sha.

Manyan masana ma sun sha fama da gurɓatar awo. Clair Patterson, masanin kimiyya ɗan Amurka da ya auna shekarun duniya da biliyan 4.55 a 1956, ya daɗe yana ganin dalma fiye da kima a samfuransa. Da ya bi sawu sai ya tarar tana shigowa ne daga kwalaben lab, da ruwan wanki, da ƙurar ɗaki. Sai da ya gina ɗaki mai tsananin tsabta sannan awonsa ya tsaya.

Ruwan sifili: mashaidinka na farko

Kafin komai kana buƙatar ruwan da ka tabbata babu komai a cikinsa, wanda ya kamata na'ura ta karanta shi sifili ko dab da sifili. Za mu kira shi ruwan sifili. Shi ne ruwan da aka tace ta hanyar tururi, ko wanda aka cire wa narkakkun sinadarai da inji. Ana samunsa a shagunan kayan lab da wasu kyamis.

Ruwan leda ba ruwan sifili ba ne. Ruwan da ke ɗiga daga na'urar sanyaya ɗaki ma ba shi ba ne, domin ya bi ta ƙarfe da ƙura. Ka yi hattara da ruwan batir na bakin titi: wani tataccen ruwa ne, wani kuwa asid ne mai ƙona fata da lalata mita.

Gwajin uku-uku

Wannan ita ce hanyar da ɗakunan gwaje-gwaje ke bi su auna yawan ragowa, kuma kana iya yin ta da mitar TDS ta aljihu.

1. Haɗa ruwa mai nauyi: zuba gishirin girki kaɗan-kaɗan a kofin ruwa kana motsawa, har mita ta nuna kusan 900.
2. Auna shi sau uku a jere, ka rubuta. Mu kira su M1, M2, M3.
3. Yi irin wankin da ka saba yi tsakanin samfura, kada ka ƙara kada ka rage, domin wankin naka ne ake jarrabawa.
4. Zuba ruwan sifili a ƙananan kofuna uku masu tsabta. Auna na farko, sai na biyu, sai na uku, ba tare da wanki a tsakani ba. Su ne S1, S2, S3.
5. Cire S3 daga S1. Cire S3 daga M3. Raba amsar farko da ta biyu, ka ninka da 100.

Misali, a ce ka sami 905, 902, 900, sannan 11, 3, 2. Idan ka cire 2 daga 11 saura 9. Idan ka cire 2 daga 900 saura 898. Raba 9 da 898 ka ninka da 100, za ka sami kusan kashi 1 cikin 100. Ragowarka kenan.

Domin sauƙi, buɗe Google Sheets ko Excel a wayarka, ka jera lambobin shida daga A1 zuwa F1, sannan a G1 ka rubuta: =(D1-F1)/(C1-F1)*100

Nawa ne ya yi yawa? Ya danganta da abin da kake aunawa. Kashi 1 a gwajin TDS na rijiya ba ya cika sauya hukunci. Kashi 1 a gwajin dalma, kamar yadda muka gani, ya isa ya kayar da ruwa mai kyau. Abin da za ka tambayi kanka shi ne: idan samfur mafi nauyi da nake samu ya bar wannan kaso, zai iya tura na gaba ya haye iyaka?

Yadda ake karanta lambobin ruwan sifili

Hausawa na cewa ruwa ba ya tsami banza. Idan ruwan sifili ya ƙi nuna sifili akwai dalili, amma ba kullum ragowa ce ba. Yanayin lambobin uku shi zai nuna maka inda za ka duba.

- Suna sauka, kamar 11, 3, 2: ragowar samfur ce, kowane awo yana wanke wani abu daga cikinta.
- Sun tsaya wuri ɗaya, kamar 8, 8, 8: ruwan sifilin ne da kansa ya gurɓata, ko kofunan, ko sinadarin da ake ɗigawa. Ƙarin wankin na'ura ba zai gyara wannan ba. Buɗe sabuwar kwalba ka sake.
- Suna hawa a hankali, kamar 2, 4, 6: na'urar ce ke zamewa daga saiti, ko ba ta gama ɗumi ba, ko zafin ruwan yana sauyawa, ko batir ya yi sanyi.
- Suna tsalle ba tsari, kamar 2, 9, 3: nemi ƙura, kumfar iska a bakin mita, ko wayar da ta saki.

Biyu na ƙarshe sun fi yawa a Sakkwato saboda yanayi. Daga Maris zuwa Mayu zafi yakan wuce digiri 40, kuma ƙarfin da ruwa ke da shi na ɗaukar lantarki, wanda shi mitar TDS ke aunawa, yana ƙaruwa da kusan kashi 2 cikin 100 a kowane digiri ɗaya. Mitoci da yawa suna gyara wannan da kansu, su mayar da lissafi kan digiri 25, amma sai ka ba su lokaci zafinsu ya daidaita da na ruwan. Lokacin hunturu kuma ƙura tana sauka a duk kofin da aka bari buɗe, don haka a riƙa rufewa.

Inda ragowa ke ɓuya a kowace na'ura

*Mitar TDS da ta ɗaukar lantarki.* Ruwa yana maƙalewa a lungun da ke tsakanin 'yan ƙarafunan bakinta, da cikin murfi. Masu amfani da murfin a matsayin kofin gwaji sun fi kowa shan wahala, domin ruwan kaɗan ne, ragowar tana da tasiri. Ruwa mai alli kuma yana barin farin ɓawo a kan ƙarafunan. Jiƙa bakin a ruwan tsami na binega na 'yan mintoci, ka kurkure sosai da ruwan sifili, sannan ka sake saita ta da ruwan saiti, wanda aka fi sani da shi shi ne na 1413 µS/cm.

*Mitar pH.* Ana saita ta da ruwan saiti na 4, 7 da 10. Waɗannan ruwaye an haɗa su ne musamman don su riƙe pH ɗinsu, shi ya sa ɗigo ɗaya daga cikinsu yake iya jan tataccen ruwa zuwa wajensa. Kurkure bakin bayan kowane ɗaya. Kada ka goge 'yar ƙwallon gilashin da ƙarfi, ɗan taɓa ta kawai da takarda mai laushi ta tsotse ɗigon. Kada ka ajiye ta cikin tataccen ruwa, akwai ruwan ajiya na musamman mai sinadarin KCl.

*Na'urar auna launi.* A nan ana ɗiga sinadari ruwan ya sauya launi, na'ura ta auna duhun launin. Launi yakan kama jikin kwalba, musamman idan an bar ta ta kwana ba a zubar ba. Murfin kwalba ma maɓoya ce. Ware kwalba ɗaya ga kowane irin gwaji, ka yi mata alama. Wasu sabulan gari suna da sinadarin fosfet, don haka ba a wanke kwalbar gwajin fosfet da su. Haka kuma kwalbar da aka jiƙa a asid na naitirik ba ta dace da gwajin naitiret ba, domin asid ɗin da kansa naitiret ne.

*Manyan na'urorin auna ƙarafa, irin AAS da ICP-MS.* Irin waɗannan a jami'o'i da cibiyoyin bincike ake samunsu. Suna zuƙar samfur ta allura da siririn tiyo, su fesa shi cikin wuta. Ragowa tana zama a wajen allurar, a cikin tiyon famfo idan ya tsufa ya yi taushi, a mahaɗar tiyo, da ɗakin feshi. Ana wanke su da ruwa mai asid na naitirik kashi 1 zuwa 2 cikin 100. Wasu sinadarai suna da naci: zaiba tana manne wa tiyo, shi ya sa ake ɗan sa zinariya narkakkiya a ruwan wankin ta riƙe ta, boron kuwa ruwa mai amoniya ya fi fitar da shi. Wani wurin da ake mantawa shi ne kwalbar ruwan wankin kanta. Idan allura tana tsoma kai a ciki wuni guda ba a sauya ba, wurin wankin ya koma wurin shafa datti.

*Gwajin ƙwayoyin cuta.* Ana tace mililita 100 ta wata takarda mai ƙananan ƙofofi, a ajiye ta a ɗumi, a ƙirga abin da ya tsiro. Tunda iyakar sifili ce, ƙwaya ɗaya da ta rage a mazurari ta isa ta kayar da samfur. Kurkura kaɗai ba ta wadatar ba, sai an kashe ƙwayoyin tsakanin samfur da samfur. A akwatunan gwaji na tafi-da-gidanka irin DelAgua ana ƙona ɗan sinadarin metanol a cikin mazurarin a rufe, hayaƙin ya yi wannan aiki.

Matakan bin sawu

Idan ka tabbata ragowa ce, kada ka sauya abu biyar lokaci guda, domin ba za ka san wanne ya yi magani ba. Sauya ɗaya, maimaita gwajin uku-uku, rubuta sakamako, sannan ka matsa gaba. Fara da mai sauƙi da araha:

1. Sabon ruwan sifili da sabbin kofuna.
2. Sabon ruwan wanki, a kwalba mai tsabta.
3. Ƙara yawan kurkura, ko tsawon lokacin wanki a babbar na'ura. Idan ragowar ta ragu, ka kama hanya.
4. Duba bakin mita ko allura a haske, nemi ɓawo, tsatsa ko tsagewa. Kyamarar wayarka za ta taimaka idan ka zuƙo hoton.
5. A na'ura mai allura mai sarrafa kanta, cire tiyon ka tsoma shi cikin ruwan sifili da hannu. Idan lambar ta faɗi, laifin yana wajen allura da wurin wankinta. Idan ba ta faɗi ba, yana can gaba.
6. Sauya tiyo, sannan ka wanke ɗakin feshi kamar yadda littafin na'urar ya tsara.
7. Idan duk wannan bai yi ba, a kira injiniyan na'urar, a nuna masa lambobin da ka rubuta.

Gargaɗi: duk aikin da ya shafi asid ko metanol na cikin lab ne, da safar hannu da tabarau, ƙarƙashin kulawar wanda ya san aikin. Asid ake zubawa cikin ruwa, ba a zuba ruwa cikin asid.

Me ya sa ake cewa a kurkure sau uku?

Lissafi ne. A ce duk lokacin da ka zubar da ruwa, mililita 0.1 yana saura a jikin kwalba. Idan ka kurkure sau ɗaya da mililita 30, dattin ya ragu zuwa kusan kashi 1 cikin 300. Idan ka raba wannan ruwan gida uku, ka kurkure da mililita 10 sau uku, kowace kurkura tana rage shi zuwa kusan 1 cikin 100, ukun a haɗe kusan 1 cikin miliyan. Ruwa ɗaya ka kashe, amma tsabtar ta ninka sau dubbai.

Bayan ruwan sifili, yi kurkurar ƙarshe da ɗan samfurin da za ka gwada, ka zubar, sannan ka zuba na awo. Da haka duk abin da ya saura a jikin kwalbar samfurin ne da kansa, ka tsira daga ragowa da sirki gaba ɗaya.

Tsara jerin gwaji

- Fara da mai tsabta ka ƙare da mai datti: ruwan leda, famfo, burtsatse, rijiya, sannan gulbi ko kwata.
- Saka ruwan sifili bayan kowane samfur goma, da bayan duk wanda ya ba da babbar lamba.
- Idan samfur ya zo da lamba mai girma ba zato, sake gwada wanda ya biyo bayansa bayan ka yi wanki.
- Ruwan da ka san yana da nauyi ƙwarai, sirka shi da ma'auni kafin ka saka a na'ura, ka ninka amsar daga baya.
- Ragowa tana farawa tun wurin ɗiba. Robar lemo ko jarkar da aka taɓa zuba wani abu ba ta dace da ɗaukar samfur ba.

Aikin da wayarka za ta yi

Ba a gane ragowa sai an san wane samfur ne ya bi wane. Don haka rubuta jeri da lokaci a Google Sheets, har da sakamakon ruwan sifili, ko ka ɗauki hoton fuskar mita bayan kowane awo, tunda hoto yana ajiye lokacinsa. Mitoci masu Bluetooth, irin HALO ta kamfanin Hanna da PH60-Z ta Apera mai aiki da manhajar ZenTest, suna nuna awo a fuskar waya suna ajiye shi. Idan lambar tana jan ƙafa daga wajen awon baya kafin ta tsaya, alama ce bakin bai wanku ba ko ya tsufa. Manhajar mWater kuma tana ba ka damar ajiye wurin kowace rijiya a taswira tare da sakamakonta, ta yadda idan lambar yau ta saɓa wa ta watannin baya za ka lura.

Ka riƙe wannan da kyau: mitar TDS ba ta ganin ƙwayar cuta, kuma ba ta iya gano dalma a matakin miligiram 0.01, domin ƙaramin abin da take nunawa miligiram 1 ne. Ƙaramar lamba a fuskarta ba shaidar cewa ruwa ya halatta a sha ba ce. Wannan hukunci sai ɗakin gwaje-gwaje, kuma ruwan sayarwa sai da rajistar NAFDAC.

Idan kai ne mai kai samfur lab

Kana da haƙƙin yin tambaya cikin ladabi: nawa ruwan sifili ya nuna ranar? Wane samfur aka gwada kafin nawa? Idan sakamakon yana dab da iyaka, ko za a iya maimaitawa? Wata dabara kuma ita ce ka raba ruwa ɗaya a kwalba biyu, ka ba su lamba daban-daban. Idan amsoshin suka yi nisa da juna, sai a sake zama.

Aikin gida

Mai mitar TDS ya yi gwajin uku-uku sau biyu: na farko da yarfe mita kawai ba wanki, na biyu da kurkura uku. Ya lissafa kason kowanne a waya ya kwatanta. Wanda ba shi da mita ya warware wannan: an sami 1,200, 1,198, 1,195, sannan 27, 6, 3. Nawa ne kason ragowa? Idan da dalma ce mai miligiram 0.8 a lita ta bar irin wannan kaso, samfur na gaba zai haye iyakar 0.01 ko ba zai haye ba?

A darasi na gaba, in Allah ya yarda, za mu kawo amsar, sannan mu duba yadda ake saita mitar pH da ta TDS mataki-mataki. Ku tura wa abokanku masu sana'ar ruwa da ɗaliban kimiyya. Mu kwana nan, Allah ya ba mu sa'a.